Shekara biyu muna gaba a kan bashi, kuma majami'armu ɗaya: wa zai fara zuwa wurin wani?

Tambaya: Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Shekara biyu ke nan na ranta wa wani ɗan'uwa a ikilisiyarmu naira dubu 300 ya sayi taki, a kan zai biya bayan girbi. Girbi ya wuce bai biya ba. Da na tuna masa sai ya shiga gaya wa mutane wai ina ɓata masa suna, ni ma cikin fushi na faɗi maganganu a kansa a wajen biki. Tun daga nan ko gaisawa ba ma yi, matanmu ma sun daina magana a zumunta. Wasu sun ce in yafe in manta, wasu sun ce in kai shi kotu. Na daina cin Jibin Ubangiji. Ni aka cuta, to ni zan fara zuwa? Kuma yafewa tana nufin in haƙura da kuɗina?

Amsa: Ɗan'uwa, alherin Ubangiji ya tabbata a gare ka. Amsar tambayarka ta farko ba za ta yi maka daɗi ba: kai za ka fara zuwa. Da shi ne ya rubuto mana, amsar da za mu ba shi ke nan. Matiyu 18:15 ya ɗora tafiyar a kan wanda aka yi wa laifi, Matiyu 5:23-24 kuma ya ɗora ta a kan wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa. Ayoyin nan biyu sun rufe ƙofar "ina jira ya zo". A taka maganar ma duka biyun sun hau kanka, domin an riƙe maka kuɗi, kai kuma ka taɓa mutuncinsa a bainar jama'a. Ka lura da nauyin ta biyun. A Galili Yesu ya faɗe ta, bagade kuwa a Haikalin Urushalima yake, tafiyar kwana uku ko fiye a ƙafa. Mutum ya kawo hadayarsa har gaban bagade, aka ce ya ajiye ta ya koma ya shirya da ɗan'uwansa tukuna.

Shirun nan da kuke yi ba zaman lafiya ba ne. Littafin Firistoci 19:17-18 ya hana ƙin ɗan'uwa a zuci, ya ce a tsauta masa a fili, sannan ya hana ramuwa da riƙo, kuma a nan ne umarnin ƙaunar maƙwabci kamar kai ya fito. A 2 Sama'ila 13, bayan Amnon ɗan sarki Dawuda ya ɓata 'yar'uwarsa Tamar, wanta Absalom bai ce masa uffan ba, mai daɗi ko marar daɗi, har shekara biyu cur. Ƙarshen shirun kisan kai ne, Absalom ya sa aka kashe Amnon a wajen bikin sausayar tumaki. Ba mu ce taku za ta kai nan ba, amma ga shi ta riga ta shiga zumuntar mata, gobe yara ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, abin da Afisawa 4:26-27 ke nufi ke nan da ya haɗa kwana da fushi da ba Iblis ƙofa.

Inda masu ba ka shawara suka rikita ka shi ne sun cuɗa gafara da sulhu, alhali abu biyu ne. Gafara aikin mutum ɗaya ce. Markus 11:25 ya ce in ka tsaya yin addu'a ka yafe duk abin da kake riƙe da wani, bai ce sai ya zo ya roƙa ba. Ma'anarta ka ajiye ramuwa: ka daina yi masa fatan sharri, ka daina ba da labarin don a tsane shi, ka bar hukunci a hannun Allah kamar yadda Romawa 12:19 ya faɗa. Wannan kana iya yi yau da dare a ɗakinka. Sulhu kuwa sai da mutum biyu, sai kuma an faɗi gaskiya. Luka 17:3 ya jera shi: tsautawa, tuba, sannan yafewa. Shi ya sa manzo Bulus ya sa sharaɗi biyu a Romawa 12:18, in mai yiwuwa ne, kuma gwargwadon abin da ke hannunka. Ya san akwai wanda ko ka durƙusa masa ba zai sauko ba.

Kafin ka tafi, ka zauna ka rubuta abin da ya faru ba ƙari: nawa ne, yaushe aka bayar, wa yake wurin, me aka yi alkawari, akwai saƙon waya ko shaidar tura kuɗi. A gefe guda ka rubuta naka laifin, kalmomin da ka faɗa a bikin nan da waɗanda suka ji. Wannan shi ne cire gungumen da ke idonka na Matiyu 7:5, kuma ayar ba ta ce a bar ɗan hakin da ke idon ɗan'uwa ba, cewa ta yi a fara da naka domin ka gani sosai.

Sai ka neme shi ku biyu kaɗai. Kada ka tare shi a ƙofar majami'a bayan sujada, kada ka aika matarka, kada ka yi ta saƙon WhatsApp, domin rubutu ba ya ɗaukar murya kuma ana tura shi gaba. Ka kira shi ka roƙi lokaci, ka bar shi ya zaɓi wuri. Ka fara da naka: abin da na faɗa a kanka ranar bikin nan kuskure ne, ka yafe mini. Ka tsaya nan. Da zarar ka ƙara "amma ai kai ka ja", ka kwashe tuban da ka zuba. Bayan haka ka kawo maganar kuɗin ita kaɗai, da adadinta da ranarta, kada ka tono abin da ya yi maka shekara goma da suka wuce ko halin danginsu. Sannan ka yi shiru ka saurara. Mai yiwuwa gonar ba ta yi ba, kunya ta sa ya fara gudunka, gudun ya zama ƙarya, ƙaryar ta zama gaba. Kalmar da Matiyu 18:15 ya yi amfani da ita ga sakamakon zaman nan ta 'yan kasuwa ce, wato ka ci ribar ɗan'uwanka. Mutumin ake nema a dawo da shi. Wanda ya fita da niyyar cin gardama yakan ci ta, ya dawo gida da gabarsa. Zama ɗaya kuma ba lallai ya isa ba. Nassi bai ƙayyade sau nawa ba, shawararmu ka gwada sau biyu ko uku, da mako ɗaya ko biyu a tsakani, kafin ka ce ya ƙi ji.

In ya ƙi, sai ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu. Adadin daga Maimaitawar Shari'a 19:15 yake, inda aka ce ba a tabbatar da magana sai da shaida biyu ko uku. A nan aka fi ɓata lamari. Mutum yakan kwaso amininsa da ƙanensa, wancan yana ganinsu ya san taron dangi aka zo yi masa. Ka zaɓi waɗanda shi ma yake jin nauyinsu, masu riƙe sirri, waɗanda ba su da rabo a kuɗin, in da hali ku amince da sunayen tare. Kada ka cika musu kunne kafin zaman. Karin Magana 18:17 ya ce wanda ya fara kawo ƙara shi ake gani da gaskiya, sai ɗayan ya zo ya yi masa tambayoyi. Ka shirya jin cewa kai ma da gyara a wajenka, don shaidun nan ba lauyoyinka ba ne.

Mataki na uku shi ne ikilisiya, kuma a tsarin yawancin ikilisiyoyinmu wannan yana nufin fasto da majalisar dattawa. Ba sanarwa ce daga bagade ba, ba kuma roƙon addu'a mai habaici ba. In ya ƙi jin su ma, Yesu ya ce a Matiyu 18:17 ya zama maka kamar ba'al'umme da mai karɓar haraji. Dattawa ne ke da ikon sa horo, ba kai ba. Kafin kowa ya ɗauki ayar nan lasisin ƙiyayya, ya tuna Matiyu da kansa daga wurin karɓar haraji Yesu ya kira shi. 2 Tasalonikawa 3:15 ya ce kada a ɗauki irin wannan mutum abokin gaba, a gargaɗe shi kamar ɗan'uwa, a 2 Korantiyawa 2:6-8 kuma Bulus ya ce horon da aka yi wa wani ya isa, a ta'azantar da shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Yanzu kuɗin. Yafe laifi bai share bashi da kansa ba. Zabura 37:21 ta kira mai ci bashi ya ƙi biya mugu. Littafin Firistoci 6:1-7 ya ce wanda ya ci amanar ajiya ko jingina ya yi ƙarya a kai, ya mayar da uwar kuɗin ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sannan hadayarsa ta biyo. Da a ƙarƙashin dokar nan ne, kuma aka tabbatar ya yi musun kuɗin, dubu 300 ɗinka da sun zama dubu 360. Ikilisiya ba ta tilasta wannan ƙari a yau, kada ka nema, amma ka ga yadda aka ɗaure tuba da mayarwa. Zakka mai karɓar haraji ma da ya tuba, rabin dukiyarsa ya ba matalauta, ya yi alkawarin ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta.

Sai dai akwai wanda ya ƙi biya, akwai wanda ya kasa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. A misalin Matiyu 18:23-35, an yafe wa bawa talanti 10,000, shi kuma ya shaƙe wuyan abokin bautarsa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan yini ne na lebura, talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000. To dinari 100 ba abin rainawa ba ne, ladan fiye da wata uku ne, Yesu bai ce wanda ake bi bai ci bashi ba. Laifin bawan shi ne an roƙe shi lokaci da kalmomin da shi ma ya yi roƙo da su, ya ƙi. In ɗan'uwanka ya amsa bashin ya ce ba shi da hali, ku yanka shi kashi-kashi daidai ƙarfinsa, ko a biya da buhunan hatsi bayan girbi a kan farashin da kuka amince, a rubuta, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Kada a ɗora ruwa. In ka ga da gaske ya karye kuma kana da hali, yafe masa wani sashi ko duka abu ne mai kyau ƙwarai, Luka 6:35 ma can ya nufa. Amma ya zama kai ka bayar da bakinka. Abin da muke ƙi shi ne a tara ku a ofis, a yi addu'a, a ce ku rungumi juna, a tashi ba a ambaci kuɗin ba. Dawuda ya yi wa Absalom irin wannan: shekara uku yana gudun hijira a Geshur, shekara biyu a Urushalima bai ga fuskar sarki ba, aka ƙare da sumba ba a taɓa maganar jinin Amnon ko ta Tamar ba. Sura ta gaba, 2 Sama'ila 15, tawayen Absalom ne.

Kotu kuwa, 1 Korantiyawa 6:1-8 ya tsawata wa masu bi da ke kai juna gaban alƙalan waje a kan al'amuran yau da kullum, ya tambaya ko babu mai hikima ko ɗaya a cikinsu, har ya ce gara a cuce ka. Aya ta 8 kuma ta juya kan masu cutar, don haka ba mafaka ba ce ga mai cin kuɗin mutane. A kan dubu 300, kafin ka gama da kuɗin lauya da zirga-zirga da ɗage shari'a, abin da zai rage bai kai gabar da za ta shiga tsakanin gidajenku ba. Ka ƙare matakan nan uku tukuna. Wannan duka a kan bashi da ɓatanci muke magana. Inda akwai duka, fyaɗe, cin zarafin yaro ko barazanar kisa, ba a tura wanda aka zalunta ya je shi kaɗai wurin azzalumi, hukuma ake kai wa, aikinta ke nan bisa Romawa 13:4.

Kada kuma ka ɗauka in an shirya dole komai ya koma yadda yake. Yakubu, wanda ya gudu daga fushin wansa Isuwa, ya dawo bayan shekara 20, Isuwa ya taho da mutum 400. Yakubu ya aika dabbobi 550 gaba, ban da 'ya'yan raƙuma, ya sunkuya har ƙasa sau bakwai, ya matsa har Isuwa ya karɓi kyautar bayan ya ce yana da isasshe. Suka rungumi juna suka yi kuka. Duk da haka Isuwa ya koma Seyir, Yakubu ya nufi Sukkot, suka sake haɗuwa wajen binne mahaifinsu Ishaku. Kana iya gaishe shi da zuciya ɗaya, ka je masa jaje da barka, ku yi waƙa a benci ɗaya, ba tare da ka sake ranta masa kuɗi ba sai ya nuna ya canza.

Game da Jibin Ubangiji, 1 Korantiyawa 11:28 ya ce mutum ya auna kansa sannan ya ci, bai ce ya ƙaurace shekara biyu ba. Ka je wurinsa kafin Jibi mai zuwa. In ka nemi gafarar naka laifin, ka ajiye ramuwa, ya karɓa ko bai karɓa ba, ka gaya wa fastonka inda aka tsaya, ka koma teburin. Tun da a gaban mutane ka faɗi maganganun nan, ka koma wurin waɗanda suka ji ka janye su, matarka kuma ka gaya mata da bakinka cewa ka je, don ita ma ta samu hanyar gaishe da matarsa a zumunta ta wannan mako.