Filin Masu Hoto: "Oga, kyamara zan fara saye ko lens?"

Jama'a barkanmu da warhaka. Saƙonni sun taru kwana biyu, kuma da na zauna na duba sai na ga kusan duk ciwo ɗaya ke damun mutane, kuɗi kaɗan, buri da yawa, ga masu ba da shawara sun fi masu saye yawa. Na zaɓo guda biyar, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga. Ni tela ne a nan Ƙofar Sauri cikin Katsina, na ɗan tara kuɗi tun bayan ƙaramar sallah ina so in fara ɗaukar hoton biki da suna. Wani abokina ya ce in dai ina so a ɗauke ni da daraja to Canon 5D zan saya, amma in na saye ta kuɗin duk sun tafi, ko lens ba zan iya haɗawa ba. Wani kuma ya ce in sayi 600D ta hannu. Wallahi kaina ya kulle, a ba ni shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka gaida min abokin nan naka, ka tambaye shi in ka sayi 5D ɗin ba lens, wato gilashin da ake ɗaura mata a baki, me za ka yi da ita, rataye ta za ka yi a wuya kana zagaya gari? Ba wai ina kushe kyamarar ba ne, 5D Mark II da ta fito a 2008 da Mark III ta 2012 sun ci abinci sun ciyar da masu hoto da yawa, har yau akwai manyan ogogi da ba su ajiye su ba. Amma kai yanzu ba matsalarka ba ce. Kuma akwai abin da ba a gaya maka ba, 5D babban sensa gare ta (sensa shi ne ɗan allon cikin kyamara da hoto ke sauka a kai), wanda ake ce ma ful firem, ƙananan lens ɗin Canon masu rubutun EF-S, wato masu araha da suka cika kasuwa, ba sa ma hawa bakinta. Ka ga kenan ka sayi doki ba ka da kuɗin dawa.

Ni dai in ni ne kai 600D ɗin nan zan ɗauka, ko 700D in ta samu da ɗan sauƙi. 600D ta fito tun 2011, megafiksel 18 gare ta, allon kallon hoto na bayanta yana juyawa, kuma wallahi babu amaryar da za ta kalli hotonta a waya ko a albam ta ce maka wannan ai da tsohuwar kyamara aka ɗauka. Abin da za ta gani shi ne fuskarta ta fito tas ko ba ta fito ba, kwalliyar da aka biya kuɗi aka yi ta nuna ko ta dushe, kuma wannan aikin lens ne da haske.

Yawanci za a haɗo maka da lens ɗin da take zuwa da shi, 18-55mm. Kar ka yarda a raina maka shi, kar kuma ka sayar, shi ne zai ɗauko maka dangi gaba ɗaya in an jeru a ƙofar gida ranar suna. Rauninshi guda ne, duhu. In ka zuƙo shi zuwa 55 buɗinshi, wato girman ƙofar da haske ke shiga, f/5.6 ne, to ka shiga ɗakin amarya bayan magariba an ɗauke wuta ka ga yadda zai yi ta kai da komo yana neman fuska kamar makaho ya yar da sanda. Shi ya sa abu na biyu da za ka saya shi ne 50mm f/1.8, na Canon mai rubutun STM in da hali, in babu Yongnuo ma suna yin irinshi mai rahusa, zai ɗan riƙe ka kafin ka miƙe. Lambar f ɗin nan juye take, ƙaramar lamba babbar ƙofa, tsakanin f/5.6 da f/1.8 hasken da ke shiga ya kusa ninki 10. Kuma shi ne ke narkar da bayan mutum, abin nan da 'yan mata ke cewa a yi masu hoto mai bula.

Sai dai bari in gaya maka abin da ya taɓa samu na, don kar ka ce ban faɗa ba. Farkon da na sayi 50 ɗin ji nake duniya ta zo hannuna, na cire 18-55 na bar shi gida, na tafi wajen wani kamu a cikin gari. Ɗaki ɗan ƙarami, ƙawayen amarya sun fi goma duk anko ɗaya, aka ce mai hoto ɗauke mu. Na ja baya, na ja baya, har bayana ya daki bango, mutum huɗu kawai nake gani a ciki. Dalili kuwa, a kan irin waɗannan Canon ɗin masu ƙaramin sensa sai ka ninka lambar lens da 1.6, wato 50 yana zame maka kamar 80, ya matso da komai kusa. Haka na yi ta ɗaukarsu kashi-kashi suna ta tsaki, wata har cewa ta yi wai ko koyo nake. Koyon nake kuwa. Sannan da na dawo na buɗe a kwamfuta, na baya duk sun yi dishi-dishi saboda na bar shi a f/1.8, wanda mutum ɗaya ko biyu kawai yake iya riƙewa. In mutane suka yi sahu biyu ka koma f/5.6 ko sama, ka kawo haske da kanka. In daga baya ka samu ɗan canji akwai siririn lens na Canon, 24mm f/2.8 EF-S, falalen abu kamar murfin kwalba, a cikin ɗaki ya fi 50 daɗin aiki nesa ba kusa ba.

Maganar haske ita ta kawo mu filasha. Wadda ke kan kyamarar mai tasowa ka manta da ita, tana daskarar da fuska, hoda ta fito fari fat kamar an watsa ma mutum gari. Ka nemi ta ɗorawa, Godox TT685 misali, amma ka duba harafin ƙarshe, C ta Canon ce, N ta Nikon, S ta Sony. Ka ɗaga kanta ta kalli silin, hasken ya daki farin silin ya sauko a hankali. In kuma a ƙarƙashin jar rumfa ake taron kar ka yi haka, kowa zai fito ja wur. Batir huɗu take ci irin na AA, ka sayi masu caji saiti biyu. Batirin kyamara ma biyu, memori biyu, domin ba a cewa ango ya dakata da ɗaurin aure mai hoto zai je caji.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Daga Daura nake, ina yin lalle da turaren wuta, ina so in riƙa ɗaukar kayana da kyau ina sa wa a Instagram. Yayana ya ba ni Nikon D3200, sai na aika aka sayo min 50mm f/1.8D amma sam ba ya kama fokas da kanshi sai na murɗa da hannu. Ko dai an cuce ni ne?

AMSA: Lafiya lau ƙanwata. Lens ɗinki lafiyarshi ƙalau, auren ne bai dace ba. Nikon na jerin D3000 da D5000 ba su da ɗan injin juya fokas a jikinsu, shi kuma mai harafin D ɗin nan jira yake kyamara ta juya shi, kin ga kowa na jiran kowa. Wanda zai yi maki aiki shi ne mai rubutun AF-S, ko 50mm f/1.8G ko kuma 35mm f/1.8G DX, ni na biyun zan zaɓar maki saboda Nikon da 1.5 ake ninkawa, 35 zai ba ki kusan yadda ido ke gani. Ki kiyayi masu rubutun AF-P kuma, D3200 ba ta aiki da su. Ki gwada ko mai shagon zai karɓa ki cika kuɗi.

In ya ƙi, ba asara ba ce, kwalbar humra ai ba guduwa take ba, kina iya murɗawa da hannu a natse, akwai ɗan ɗigon kore a cikin mazurarin kallo da ke kamawa in fokas ya zauna. Kawai kar ki matsa ƙasa da santimita 45, ba ya gani kusa fiye da haka. Kuma kafin ki kashe ko sisi kan fitila, ki kai hannun mai lallen bakin taga da hantsi, ki kashe ƙwan ɗakin, ki sa yarinya ta riƙe farin kwali ta ɗaya gefen ya maido da haske. Ki gwada ki aiko min in gani. Af, ki kuma yi tunanin hoton taron mata, gidaje da yawa ba sa son namiji ya shiga wajen kamu ko ƙunshi, mu nan aiki nawa ya wuce mu saboda haka.

TAMBAYA: Malam ni hawan sallah nake so in riƙa ɗauka, nan Ƙofar Soro a Katsina da kuma Sallar Gani a Daura. Wane dogon lens zan saya? Canon gare ni.

AMSA: In za ka saya, 55-250mm IS STM. Za a yi ta tura maka 75-300mm saboda lambar ta fi girma kuma ya fi arha, amma wanda ya cika kasuwa ba shi da IS, wato abin da ke rage rawar hannu, kuma hotonshi a ƙarshen zum laushi gare shi. Farin nan 70-200mm f/2.8 da kake gani hannun manya, kusan kilo ɗaya da rabi ne, kuɗinshi kuma ya sayi kyamararka sau da yawa, hawa kuwa sau nawa ne a shekara? Ka yi haya ko ka ara wajen ogan da ya yarda da kai.

Abin da ya fi lens ɗin ma shi ne saiti. Ranar hawa rana ce tarwai, haske ba matsala ba ne, ka kai saurin shota, wato ƙiftawar da kyamara ke yi in za ta ɗauki hoto, 1/1000 na daƙiƙa ko mafi sauri in ana sukuwa za a yi jafi, ka sa fokas a AI Servo ya riƙa bin dokin. Ka je da wuri ka kama waje inda rana ke bayanka, in dogari ya ce matsa ka matsa ba gardama, kar kuma ka harba ma doki filasha a ido. Babban abu, kar ka kuskura ka cire lens a filin nan. Ƙurar da kofato ke tayarwa in ta shiga ta zauna kan sensa duk hoton da ka ɗauka sai ka ga ɗigo-ɗigo a sararin sama. Abin da ka ɗaura daga gida da shi za ka dawo.

TAMBAYA: Yallaɓai in zan sayi ta hannu me zan duba? Ina tsoron a haɗa ni da gawa.

AMSA: Kar ka saya ta hoton WhatsApp, ka riƙe ta a hannunka, ka je da memorinka. Ka nemi sanin shota nawa ta buga, wato hoto nawa ta ɗauka, kamar dai kilomitar mota, D3200 misali an gwada ta kan 100,000, 5D Mark III kuma 150,000, ba wai ranar da ta kai za ta mutu ba amma wadda ta kusa can bai kamata a sayar maka da ita kuɗin sabuwa ba. Na Nikon yana cikin bayanan hoton, na Canon galibi sai an jona da kwamfuta. Ka sa f/16 ka ɗauki farin bango ka zuƙo hoton ka ga datti. Lens kuma ka cire shi ka haska tocilan waya ta baya, 'yar ƙura ba komai ba ce, amma in ka ga zare-zare kamar yanar gizo-gizo to fumfuna ce, ajiye masu kayansu. Ka juya zum ka ji ko yana ƙugi kamar da yashi ciki. Memori kuwa jabu sun yi yawa, in arhar ta yi yawa ka gudu. In ka kawo gida, da damina ka ajiye a roba mai murfi da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, da hunturu kuma ka sayi ɗan famfon hura iska, kar ka goge gilashi da bakin riga.

TAMBAYA: Oga ni fa ba ni da ko sisi, waya kawai gare ni. In haƙura?

AMSA: Haƙurin me? Gobe da sassafe ka tafi Gobarau, ka ɗauki hasumiyar nan sau 20 daga waje 20, ka koma da la'asar sakaliya ka sake, ka zauna ka gwada ka ga yadda jar ƙasar ke canza launi. Ka goge idon wayar kafin ka fara, kar ka yi zum da yatsa, ka taka da ƙafarka. Sannan ka nemi wani mai hoto a unguwarku ka ce za ka riƙa riƙe mashi fitila ranar Asabar, yawancinmu da ɗaukar jakar oga muka fara.