Amsa ga ɗan uwan da yake jin ƙara in yana jan ƙaramar tirelar kwana

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sanya albarka a abin da ka saya. Na ga tambayarka tun jiya da dare amma sai yanzu na samu zama, ka yi haƙuri amsar za ta ɗan yi tsawo. Ka ce ka sayi ƙaramar tirelar kwana (ɗan ɗakin kwana da ake ja da mota) ta hannu irin mai taya biyu ɗin nan, kana janta da RAV4, kuma ƙara iri uku kake ji: wani "ƙwam" in za ka tashi ko in ka taka birki, wani "ƙii-ƙii" in kun shiga gargada, sai kuma wani ɗan gunji "wuuu" da ya fara kwanan nan in ka wuce gudun mil 50, ga shi wata mai zuwa kana son ɗaukar iyali daga Kolombas zuwa tsaunukan Simoki a Tenesi.

To ni dai shekarata ta takwas kenan ina jan irinta a nan Kolorado, kuma abin da zan fara ce maka shi ne dan Allah kar ka sayi komai tukuna. Mutane da yawa da sun ji ƙara sai su hau intanet su yi ta odar kaya, a canza wannan a canza wancan, ƙarar tana nan inda take. Lokacin da ƙarar take zuwa shi ne yake faɗa maka inda take. Kuma cikin ukun nan da ka lissafa, wanda ya fi damun kunnenka wato ƙwam ɗin shi ne ya fi sauƙi, wannan ɗan gunjin da ka sa a ƙarshe kamar ba komai ba shi ne ya hana ni yin shiru.

Bari in fara da shi. A 2018 muna dawowa daga yamma a kan hanyar I-70, ni da maiɗakina da yara biyu, tun wajen garin Bel na fara jin wuuu ƙasa-ƙasa daga baya, na ce a raina kwalta ce, don akwai wuraren da kwaltar kanta take kuka a ƙarƙashin taya. Muka ci gaba. Da muka tsaya shan mai a Silbaton na zagaya kamar yadda na saba, na ɗora hannu a tsakiyar wilin hagu, ɗumi ne kawai, na zo na dama wallahi ban iya barin yatsana a kai ba ko na daƙiƙa ɗaya, ga giris baƙi ƙirin ya yi feshi a jikin wilin kamar an watsa da buroshi, ga wani wari irin na ƙarfe da ya ƙone. Murfin nan na tsakiya ma babu shi, ya faɗi a hanya ban sani ba. Boris ne ya ci, wato ƙarfen da yake tsakiyar wili wanda taya take juyawa a kansa. Da muka cire sai ƙananan ƙarafan cikinsa suka zubo a tafin hannuna, sun yi shuɗi saboda zafi. Wanda ya sayar min ya ce min "an yi sabis", ni kuma na yarda ban buɗe na gani da idona ba. Daga Silbaton hawa ne zuwa ramin Aizinhawa, inda hanya ta ratsa ta cikin dutse, sama da ƙafa 11,000, daga can kuma gangara ce mai tsawo har Denba, ka ga da ban taɓa wilin nan ba Allah kaɗai ya san inda tayar za ta rabu da mu.

Shi ya sa nake cewa gunjin nan ka fara da shi. Ga yadda za ka raba boris da taya. In ƙarar tana canzawa da canjin kwalta, ka hau sabuwa ta yi shiru ka hau ta kankare ta dawo, to yawanci taya ce. In kuma ba ruwanta da irin hanya, gudu kawai take bi, kana ƙara totur tana ƙaruwa, kuma in ka ɗan karkata sitiyari a doguwar kwana sai ta ƙaru ko ta ragu saboda nauyi ya koma gefe ɗaya, to ka zargi boris. A gida kuma ka haɗa tirelar da mota don kar ta motsa, ka sa waigi a ɗaya tayar, ka ɗaga da jak a jikin firam, ka tokare da ƙarfen tsayawa kar ka dogara da jak shi kaɗai, sai ka juya tayar da hannu ka kasa kunne. Lafiyayye shiru yake juyawa, wanda ya fara ci za ka ji gurrr kamar akwai yashi a ciki. Sannan ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza, ɗan motsi kaɗan da ƙyar za ka ji ba laifi ba ne, amma in tana ƙwal-ƙwal to akwai magana.

Ko ba ka ji komai ba ni shawarata ka buɗe, tunda ta hannu ce ba ka san yaushe rabonta da giris ba. Masu ƙera aksil, wato sandar ƙarfen da tayoyi suke jikinta, suna cewa a sake giris duk wata 12 ko mil 12,000, wanda ya riga zuwa, kuma tirelar kwana zaman da take yi a bayan gida duk lokacin sanyi shi ma yana cutar da ita, danshi yana shiga tsatsa ta kama. Ga shi tayoyinta ƙanana ne, inci 12 ko 13, juyin da suke yi a mil ɗaya ya fi na motarka. In za ka canza boris ka canza har da zoben da yake gudu a kai, da sil ɗin baya sabo (robar da take hana giris fita), da fin sabo, kar ka maida tsohon fin da ka lanƙwasa. Wajen ɗaure notin nan mai kama da hular sarki mutane suke kuskure: kana juya taya kana ɗaurewa har ya zauna, sai ka sassauta, ka maida shi da yatsu kawai, ka zura fin. In ka ɗaure shi tamau kamar notin taya, kai da kanka ka kashe sabon boris ɗin. Kuma in naka irin mai ɗan bakin ɗura giris ne, kar ka yi ta bugawa da ƙarfi, sil ɗin baya zai iya ɓallewa giris ya shiga cikin birki.

Tunda tayar tana sama, duba shekarunta. A gefenta bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, misali 2317 mako na 23 kenan a 2017. Tayar tirela sau da yawa zanenta yana nan kamar sabuwa amma ta tsufa ta tsattsage, in ta haura shekara biyar zuwa shida ni canzawa nake yi. Ka shafa hannu a kanta, in ka ji tudu da kwari kamar haƙoran zarto ita ma tana gunji. Kuma yawancin masu alamar ST an yi su ne don gudun mil 65, sai dai in an rubuta wani abu daban a jiki.

Yanzu ƙwam ɗin. Wannan kusan kullum a mahaɗar mota da tirela yake, inda bakin tirelar yake hawa kan ƙwallon ƙarfe da yake bayan motar. Je ka bayan motar ba tare da tirela ba, ka kama ƙarfen da ƙwallon yake kai ka girgiza shi cikin bututun nan mai kusurwa huɗu, za ka ji irin ƙarar da kake ji sak, don da ma ana barin ɗan fili don ya shiga ya fita da sauƙi. Akwai wani ɗan maƙalli mai siffar U da faranti da noti biyu da yake matse su, lokacin da na saya bai kai dala 20 ba, minti biyar na ɗaura ƙarar ta ɗauke ɗif. Ka duba fin ɗin da ya ratsa su ma, bututu mai inci 2 fin mai 5/8 yake so, wasu sai su zura siriri ya yi ta wasa a rami.

Amma kafin ka ce shi ke nan, karanta lambar da aka buga a saman ƙwallon da wadda take jikin bakin tirelar. A nan Amurka girma uku ne aka fi amfani da su, inci 1 7/8, inci 2, da 2 5/16. Na farko da na biyu a ido kusan ɗaya suke, kuma bakin inci 2 zai hau ƙwallon 1 7/8 ya kulle lafiya lau kamar ba matsala, sai an daki rami ya yi tsalle ya fita. Gwajin da nake yi kullum kafin tashi shi ne in na kulle sai in juya jak ɗin gaba in ɗaga, in gindin motar ya biyo sama to ya kama. In girman daidai ne amma akwai wasa, yawancinsu akwai noti a ƙarƙashin maƙullin da ake ɗan ɗaurewa. Ka shafa giris kaɗan a kan ƙwallon, busasshe yana kuka a kwana, ka kuma duba babban notin da yake ƙarƙashinsa ko ya saki.

Akwai abu ɗaya da ba ka faɗa ba, yadda kake loda kaya. Nauyin da yake sauka a kan ƙwallon ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar da kayanta, wato in fam 2,000 ce kana neman 200 zuwa 300. In ka tara kula da jarkokin ruwa da buhun gawayi a baya, gaban zai yi sakayau, bakin ya riƙa ɗagawa yana dukan ƙwallon a kowane tudu, kuma wannan ne yake kawo lilon nan da tirela take yi a babbar hanya in babbar mota ta wuce ka, wanda ya fi kowace ƙara haɗari. Ga ƙaramar tirela sikelin banɗaki ma ya isa, ka ɗora katako a kai ka sauke gaban a daidai tsayin da yake zama in an haɗa. Ka kuma duba littafin RAV4 ɗinka, don ba duka ne aka yarda su ja nauyi ɗaya ba, akwai bambanci sosai tsakanin wani samfuri da wani.

Ban san irin birkin da tirelarka take da shi ba, wasu ƙananan ma ba su da shi. In irin wanda bakin yake zamewa ya matsa birki da kansa ne, ɗan ƙwam wajen tsayawa da tashi halinsa ne, sai in ya yi yawa a duba mai da ɗan shokazobansa. In na lantarki ne kuma kana jin fizga, rage ƙarfin a na'urar da take cikin mota.

Shi kuwa ƙii-ƙii ɗin sifirin ne, bushin, wato ɗan zoben roba mai tauri da suke sawa a idon sifirin ba ya daɗewa. Sa wani ya hau ya riƙa girgiza tirelar kai kana tsugune a gefe, ka fesa mai a mahaɗa ɗaya ka saurara, in ba ta daina ba ka matsa ta gaba, kar ka feshe duka lokaci guda don ba za ka san wacce ce ba. In ka ga ramin ƙarfen da yake riƙe sifirin ya zama kamar ƙwai maimakon zagaye, canza shi. Sauran ƙananan ƙararraki kuwa, sarƙoƙi ne da suke jan ƙasa (a gicciye ake sa su ƙarƙashin bakin, da ɗan saki na kwana kawai), ko ƙafafun tokare da ba a naɗe su sun ƙure ba, ko tukunyar gas da ba a ɗaure ba. Ni na taɓa kwana biyu ina neman wata ƙara ashe murfin tukunya ne a cikin durowa.

In ka cire taya ka maida, ka sake bin notocin bayan mil 10, da 25, da 50, suna saki. Kuma duk inda kuka tsaya a hanyar Tenesi ka zagaya ka taɓa tsakiyar wili biyun ka gwada su da juna, irin yadda yaran manyan motoci suke zagaye mota a Tafa suna bubbuga taya kafin direba ya gama shan shayi. In kun sauko daga tsauni ka sha taka birki duka biyun za su yi zafi, wannan daban, wanda ake tsoro shi ne ɗaya ya fi ɗaya nesa ba kusa ba. Ni yanzu akwai boris guda da na cika da giris na ƙulle a leda, da sil da fin da guduma da filaya, suna cikin akwatin gaba ba sa fita.

Ka ɗaga tayoyin nan a ƙarshen makon nan, ka ɗauki ɗan bidiyo kana juya kowacce ka turo mana nan mu ji, ka haɗa da hoton lambar ƙwallon da ta bakin tirelar. In boris ɗin ne lambarsa tana jikinsa a rubuce, da ita za ka je shago.