Kaka ta shigo, ɗinki uku na jira a akwati

Tambaya: Anti, da ruwa ya ɗauke na buɗe akwati na tarar da aiki uku da ban ƙarasa ba: bargon ƙyallaye da nake haɗa wa yarana, zanen gado mai fulawa da zarensa ya ƙare mini a rabi, da hular maigida. Kuɗin hannuna kaɗan ne. Wanne zan fara, me kuma zan saya? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: 'Yar'uwa, ki fara da bargon. Shi kaɗai ne yake da wa'adi. Daga ƙarshen Nuwamba sanyi zai fara sauka, zuwa Disamba da Janairu yara na takurewa da asuba, to ranar nan ake so ya riga ya hau gado.

Kafin ki kashe ko kwabo, ki shanya duka ukun. Kayan da suka yi damina a rufe sukan yi fumfuna, gara ki gani tun yanzu. Ƙyallayen da kika karɓo wurin tela ba a taɓa wanke su ba, ki jiƙa su daban-daban. Wata atamfar tana zuba, yadin auduga kuma yakan ɗan tsuke a wankin farko; idan kika haɗa su haka nan, ranar wanki bargon zai murɗe.

Abin da za a sa a ciki shi ne inda ake yawan asarar kuɗi. Ban ba ki shawarar soso ba: yana sa zufa, kuma yakan ruɓe ya zama gari. In akwai tsohon bargo da ya yi laushi a gida, ki sa shi tsakanin fuskar da shafin, ba ki sayi komai ba. In babu, ai ke a garin auduga kike. Ki nemi wadda aka gurza, a shiɓe ta da kyau, ki baza ta daidai. Sai dai auduga na son ɗinki kusa-kusa. Kada tazarar layi da layi ta wuce faɗin yatsu huɗu, in ba haka ba za ta dunƙule a kusurwa. Ki fara daga tsakiya ki nufi baki, da zare mai kauri.

Zanen gado kuwa, kada ki je kasuwa da launi a ka. Ki yanko guntun tsohon zaren, ki gwada shi da sabon a hasken rana, ba a cikin shago ba. Zare irin na kamfanonin DMC da Anchor kowane launi da lambarsa a takardar da ke naɗe da shi, in kin ajiye ta kin huta. Ki sayi wanda zai ishe ki a tashi ɗaya. Ja da shuɗi ki jiƙa su ki goga a farin ƙyalle tukuna, na ga zanen gado da aka yi wa wata uku ana aiki ya lalace a wanki ɗaya, abin ya daɗe yana ci mini rai.

Hular maigida ta zama ta zaman tsakar gida bayan la'asar, layi biyu ko uku a rana. Iskar hunturu na sa yatsu kaushi su riƙa kama zaren siliki, don haka ki shafa man kaɗe da dare, ki wanke hannu kafin ki ɗauki allura, saboda maiƙo ba ya fita daga farin yadi da sauƙi.