Hoton fasinjojin jirgin Landan: zane ne ko fotokwafi?

Tambaya: Salam Malam. Na ga wani hoto a Facebook na mutane cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, kowa ya buɗe jarida, aka ce wai bugawa aka yi da yawa kuma ko wanne kuɗi ne masu kauri. To ni abin da ya ɗaure min kai, in dai iri ɗaya ne da yawa ai ya zama fotokwafi kenan ko?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Daga yadda kika kwatanta aikin Cyril Power kika gani, sunansa The Tube Train, ya yi shi wajen 1934. Mutumin asalinsa mai zanen gine-gine ne, sai da ya haura shekara 50 ya shiga harkar buga hotuna da hannu a makarantar Grosvenor da aka buɗe a Landan a 1925.

Ba fotokwafi bane wallahi. Kin san masu sassaƙa hatimin roba? To kusan haka ne, sai dai shi a jikin lino ake yi, wata shimfiɗar ƙasa ce mai kauri kamar ledar ɗaki. Za a zana hoton a kai, a ɗauki 'yar wuƙa mai baki kamar kwalbati a rinƙa ƙwaƙule duk inda ba a so tawada ta taɓa, abin da ya rage a sama shi za a shafa wa tawada, a ɗora takarda mara kauri a yi ta murza bayanta da bayan cokali har ta kama. Kuma komai a juye yake fitowa kamar a madubi, wanda ka sa a dama sai ya koma hagu, in kuwa hannu ya zame ka yanke hancin fasinja shikenan ya tafi, babu gogewa.

Wahalar ma tana wajen kala. Kowace kala da nata lino daban, in kala huɗu ce sai an sassaƙa huɗu, takarda ɗaya ta hau kansu ɗaya bayan ɗaya kuma dole ta zauna daidai inda ta zauna a baya, in ta goce ko kaɗan sai ki ga jar tawada ta fita daga fuska ta hau hula. Shi ya sa in kin jera guda biyu za ki ga wani ya fi wani duhu. A gefe mai zanen yakan sa hannu da fensir ya rubuta lamba kamar 12/60, wato na 12 cikin 60, in an kai 60 an rufe.

Ni abin da ke burge ni shi ne yadda wuƙar ta dace da jirgin. Ba ta iya fitar da ƙananan abubuwa, dole ka rage, sai fuskokin suka zama kusan iri ɗaya, an zauna gwiwa da gwiwa amma ba mai kallon wani, jaridu a jere, rufin jirgin ya lanƙwashe kamar ana jin gudunsa. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya da sassafe ya san wannan shirun.

Abin dariya, malamin su Power a makarantar, Claude Flight, burinsa shi ne a sayar da irin waɗannan hotuna da arha kamar kuɗin shiga silima don talaka ya rataya a ɗakinsa, yanzu kuma a wajen gwanjo dubban fam ake zubawa.

In kina son ganin irin wannan sana'a a gida ki nemi ayyukan Bruce Onobrakpeya, a Zariya ya yi karatun zane, shi ma ya yi aiki da lino sosai.