Na tuba na sake komawa, shin Allah ya gaji da ni?

TAMBAYA: Baba Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni mai awon hatsi ne a kasuwar garinmu. An yi mini baftisma tun ina saurayi, yanzu ina da mata da 'ya'ya, ina kuma cikin zumuntar maza. Amma akwai abin da yake cin raina. Mudu biyu gare ni, wanda nake saye da shi da wanda nake sayarwa da shi, na biyun an ɗan buga gindinsa ya lotsa. Wani lokaci kuma nakan surka tsohuwar masara cikin sabuwa. Na yi azumi a kan wannan, na fita gaba a taron farkawa na yi kuka, na yi wa Allah alkawari. Sai in daina na ɗan lokaci, da kuɗin makarantar yara ya taso sai in koma. Yanzu har na bar cin Jibin Ubangiji. Wani abokina ya ce kada in damu, alheri ya riga ya rufe komai. Ni kuwa ji nake kamar Allah ya gaji da ni. Anya ni mai bi ne kuwa?

AMSA: Ɗan'uwa, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai da iyalinka. Allah bai gaji da kai ba. Na sa wannan a gaba don kada ka karanta sauran da faɗuwar gaba, domin akwai magana mai zafi a ciki, kuma abokinka bai faɗa maka gaskiya ba.

Littafi Mai Tsarki ya san mudunka. A Maimaitawar Shari'a 25:13-15 an hana mutum ya ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, ko a jakarsa ko a gidansa. Karin Magana 11:1 ya kira ma'aunin algus abin ƙyama ga Ubangiji. Annabi Amos kuwa, fiye da shekara 700 kafin haihuwar Almasihu, ya tona asirin 'yan kasuwar Isra'ila da suke ƙosawa ranar Asabar ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su ƙara kuɗi, har sharar alkama su haɗa su sayar (Amos 8:5-6). Su ma masu zuwa sujada ne. Ka tuna da matar da take tsayawa gabanka da yamma, ta kwance bakin zanenta ta ƙirga maka kuɗin surfen da ta yi wuni tana yi, ka auna mata mudu biyu, ta koma gida tuwon dare bai kai wa yaranta ba, ita kuma tana tsammanin hannunta ne ya yi yawa wajen tuƙi. Abin da ya ragu a kwanon yaran nan yana cikin aljihunka. Zunubi ne, kuma lamirinka da yake hana ka barci yana yin aikinsa daidai.

To, me ya sa azumi da kuka da alkawari ba su riƙe ba? Nan ne nake so mu daɗe, don nan ne yawancinmu muke ɓata hanya.

Mun saba ɗaukar zunubi kamar jerin abubuwan da ake yi da hannu: sata, zina, shan giya, ƙarya. In haka ne, mai ƙarfin zuciya sai ya ɗaure hannunsa ya huta. Yesu ya kai maganar can ciki. A Markus 7:21-23 ya ce daga zuciyar mutum ne mugayen tunani suke fitowa, da sata, da kwaɗayi, da ha'inci, da girman kai. In rijiya ce ta lalace, ko sau nawa ka wanke guga, ruwan da za ka jawo shi ne dai. Dawuda ya gane haka bayan abin da ya yi wa Uriya da matarsa Batsheba. A Zabura 51 bai ce tsautsayi ne ya faɗa masa ba. Ya ce tun daga cikin uwarsa shi mai zunubi ne, sa'an nan ya roƙi Allah ya halitta masa zuciya mai tsabta. Bulus ya bi sawun wannan ciwo har zuwa Adamu a Romawa 5:12, ya kuma ce dukan mutane sun yi zunubi, sun kasa kai wa ga ɗaukakar Allah (Romawa 3:23). Da kai mai mudu biyu, da dattijon ikilisiya da bai taɓa cin sisin kowa ba amma yana raina ka a ransa, da ni da nake rubuta maka, duk a cikin “dukan” nan muke.

Kai ma ka nuna inda naka ciwon yake ba tare da ka lura ba. Ka ce da kuɗin makaranta ya taso sai ka koma. Ashe a ƙarƙashin mudun akwai tsoro: in na auna daidai, Allah ba zai riƙe gidana ba. Alkawarin da ka yi a gaban bagade ya kama hannunka, bai taɓa wannan tsoro ba.

An yi wannan muhawara a ikilisiya tun da daɗewa, a nahiyarmu ma aka fi yin ta. Wajen shekara ta 400 akwai wani malami mutumin Birtaniya da yake koyarwa a Roma, sunansa Felagiyas. Mutum ne mai kamun kai, kuma sakacin Kiristocin birnin ya dame shi. Koyarwarsa ita ce, tun da Allah ya ba da umarni, lalle mutum yana da ikon cika shi da nufin kansa, zunubin Adamu kuwa mugun misali ne kawai, bai lalata mu ba. Wanda ya tashi ya amsa masa shi ne Agustin, bishop na Hifo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430. Agustin ya san kansa. Ya yi shekaru yana son tsarki yana kuma jinkirta shi, har ya ba da labarin yadda yake addu'a yana saurayi Allah ya ba shi kamewa, amma ba yanzu ba. Ya ce mutum yana bukatar alheri don a gafarta masa, yana kuma bukatarsa don ya so abin kirki tun farko, da kuma ikon aikata shi. Taron bishop-bishop da aka yi a Kartaj, kusa da Tunis ta yau, a shekara ta 418 ya ƙi koyarwar Felagiyas. Amma ni a ganina koyarwar ba ta mutu ba, tana nan a cikin wa'azinmu da yawa: “Ka ƙara ƙoƙari, ka ƙara azumi, ka yi alkawari mai ƙarfi.” Muna gaya wa mutane an cece su ta alheri ranar da suka karɓi Yesu, daga nan kuma sai mu sake su da ƙarfin kansu. Bulus ya tambayi Galatiyawa ko bayan sun fara da Ruhu za su ƙarasa da jiki (Galatiyawa 3:3). Tambayar tana kanmu.

Ka karanta Romawa 7:15-25 a hankali. Mutum ne yake cewa nagarin abin da yake so ba ya yi, mugun da ba ya so shi yake aikatawa. Masana sun rabu a kan ko Bulus yana maganar kansa kafin ya ba da gaskiya ne ko bayan haka. Shi kansa Agustin da farko ya ɗauka kafin ne, daga baya ya sauya ra'ayi ya ce kukan mai bi ne. Ni ma nan na tsaya, don Galatiyawa 5:17 ta faɗi wannan yaƙi na jiki da Ruhu ga waɗanda suka riga suka zama Kirista. Abin lura shi ne inda kukan ya ƙare. Bulus bai tambayi dabarar da zai yi ba, ya tambayi wa zai cece shi, ya amsa da sunan Yesu Almasihu, sa'an nan ya ce babu sauran hukunci a kan waɗanda suke cikinsa (Romawa 8:1).

Hausawa sukan ce hali zanen dutse. Da ƙarfin mutum, gaskiya ne. Allah kuwa ya yi alkawari a Ezekiyel 36:26-27 zai cire zuciyar dutsen ɗungum, ya ba da ta nama, ya sa Ruhunsa a ciki har mutum ya bi ka'idodinsa.

Game da gajiyar Allah: wasiƙar Yahaya ta fari ga masu bi aka rubuta ta. Ita ce ta ce in mun ce ba mu da zunubi ruɗin kanmu muke yi, in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne zai gafarta ya tsarkake mu, in kuma wani ya yi zunubi muna da mai tsaya mana a gaban Uba. Wanda ya gaya wa Bitrus ya yafe wa ɗan'uwansa bakwai sau saba'in ba zai gaza abin da ya umarta ba. Bitrus ɗin ma ai ya yi alkawari mai ƙarfi irin naka, ya ce ko mutuwa zai bi Yesu, kafin zakara ya yi cara ya yi musun sa sau 3. Yesu ya riga ya san zai faɗi, ya riga ya yi masa addu'a (Luka 22:31-32), bayan tashinsa kuma ya damƙa masa kiwon tumakinsa. Ba ni da ikon leƙa zuciyarka in ba ka takardar shaida. Amma kasuwa cike take da masu mudu biyu da suke barci lafiya. Kai ba ka iya ba, kuma ina ɗaukar wannan alama ce cewa Ruhu bai rabu da kai ba.

Abokinka ya ɗauki rabin magana. Bulus ya riga ya ji irinta: mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita? Ya ce sam (Romawa 6:1-2). Titus 2:11-12 ta ce alherin da ya kawo ceto shi ne kuma yake koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah da sha'awar duniya. Dubi Zakka mai karɓar haraji a Luka 19. Yesu ya shiga gidansa tun bai mayar da ko anini ba, alherin ke nan. Da alherin ya zauna a gidan, sai mutumin ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, duk wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki 4. Martin Luta, jagoran gyaran ikilisiya, a jimla ta farko cikin 95 da ya fitar a Jamus a 1517, ya ce da Yesu ya ce “ku tuba” yana nufin dukan rayuwar mai bi ta zama tuba. Saboda haka komawarka ga Allah a karo na sau nawa ba abin kunya ba ne, haka ake zaman Kirista. Abin tsoro shi ne ranar da ka daina komawa.

Wasiƙarka ta nuna mini abu ɗaya da ba ka yi ba tukuna: mudun yana nan. Duk lokacin da ka tuba, ajiye shi kake yi a bayan buhu, yana jiran ranar matsi. Ka fasa shi. Kada ka sayar wa wani, kada ka kai gida a riƙa ɗiban gari da shi. Tsohuwar masara ka ware ta, ka faɗi cewa tsohuwa ce, ka sa mata kuɗinta. Masu sayen da ka sani ka daɗe kana tauye musu, ka mayar musu. Waɗanda ba za ka iya tunawa ba, ka riƙa cika gyara ga gwauraye da marasa ƙarfi har ranka ya shaida ka biya. Ka kuma nemi dattijo ɗaya mai riƙe asiri a ikilisiyarku ka faɗa masa komai, yadda Yakubu 5:16 ta ce, har da maganar kuɗin makarantar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Matarka ma ta sani, domin ribar za ta iya raguwa, ba zan yi maka alkawarin ba za ta ragu ba, gara ku ɗauki nauyin tare. Addu'arka kuma ta sauya. Ka bar “Ubangiji, ba zan ƙara ba”, ka koma “Ubangiji, ba zan iya ba, ka ba ni so da ikon yi”, gama Filibiyawa 2:13 ta ce Allah ne yake aikata duka biyun a cikinmu.

Jibin Ubangiji kuwa, 1 Korantiyawa 11:28 ta ce mutum ya gwada kansa, sa'an nan ya ci. Mai riƙe da mudu biyu yana kuma niyyar ci gaba da su, ya dakata. Kai ka fasa naka, ka je wurin fastonku kafin Lahadin Jibi mai zuwa, ku yi addu'a tare, ka ci.