Hoton rawa: mai kala ko baƙi da fari?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi a rawar Kete ta Asante da za ka ɗauka a gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Accra. Ni dai a RAW nake ɗauka, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba, in na koma gida unguwar Nima in zaɓa.

Fitilun dandamali su ne matsalar. Jar fitila in ta sauka kan baƙar fata, sai fuska ta koma kamar an shafe ta da manja, ga ISO 3200, wato ƙara wa kamara ƙarfin ɗaukar haske saboda duhu, ya cika hoton da ɗigo-ɗigo. Irin wannan mayar da shi baƙi da fari kawai, gumin goshi da lanƙwasar yatsu su fito sarai.

Amma in 'yan rawa sun sha kente, saƙin Ghana mai kala-kala, don Allah kar ka kashe masa kala. Rawayan nan da koren ai su mutane suka zo gani.