Anti, addu'ar warkar da zuciya ta sa na ajiye maganina

Tambaya:

Anti barka da aiki. Ni matar aure ce a Sabon Gari nan Kano, 'ya'yana biyu. Bara na haihu jaririn bai zo da rai ba, tun daga nan na rasa gane kaina, ba barci ba cin abinci, abu kaɗan sai kuka, maigidana ne ya kai ni asibiti likita ya ce ciwon damuwa ne ya ɗora ni kan magani, wata huɗu ina sha. Toh sai wata 'yar'uwa a zumuntar mata ta kai ni wurin wata mama mai yin abin da suke kira addu'ar warkar da zuciya, za a ce ki rufe ido ki koma lokacin da ciwon ya fara, ki roƙi Yesu ya nuna miki ƙaryar da kika yarda da ita a wurin. Zaman farko gaskiya na ji sanyi, na yi kuka kamar raina zai fita, na taso jikina sakayau. Amma a zama na uku maman ta ce an nuna mata akwai abin da kawuna ya yi min ina ƙarama wanda na manta, ni kuwa ban tuna komai ba, ta ce kuma in ajiye maganin don shan sa ƙarancin bangaskiya ne. Sati biyu kenan da na ajiye, yanzu jiri nake ji, barcin ya sake gudu, ko wayar kawuna na kasa ɗagawa. Anti wannan hanyar daga Allah take ko in gudu?

Maman Biyu, Sabon Gari

Amsa:

Ƙanwata sannu, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Kafin mu shiga dogon zance, gobe da safe ki sa maigidanki ya mayar da ke wurin likitan nan, ki faɗa masa ranar da kika ajiye maganin ba ɓoye-ɓoye. Jirin da kike ji sananne ne, maganin damuwa ba a yanke shi dare ɗaya, a hankali likita ke rage shi, kuma galibi ko mutum ya ji sauƙi sai an ci gaba da sha kamar wata shida don kar ciwon ya dawo. Kar ki ɗauko sauran ki ci gaba da kanki, shi zai gaya miki daga ina za ki kama. In kuwa tunanin cutar da kanki ya fara zuwa miki toh ba maganar gobe, yau ɗin nan za a kai ki, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, ga kuma na Dawanau.

Sanyin da kika ji a zaman farko ban ƙaryata shi ba ko kaɗan. Ni kaina na taɓa zama a irin wannan addu'ar bayan rasuwar mahaifiyata, mu uku kan kujerun roba a bayan coci, ba wuta ana ta zufa, wata dattijuwa ta riƙe min hannu fiye da awa ɗaya ba ta ce min "yi haƙuri" ko sau ɗaya ba, ta bar ni na yi kukana har hankicina ya jiƙe sharkaf. Kin san halinmu, mace ta yi rashi kwana uku an fara ce mata ki daure, ai za ki haifi wani, sai ta haɗiye abin ya zauna mata a ƙirji. Ranar da kika samu wanda ya saurare ki a gaban Allah dole ki ji sauƙi. Kuma zancen ƙaryar da mutum ke yarda da ita akwai gaskiya a ciki, mata da yawa da suka rasa jariri suna yawo da "laifina ne" ko "Allah ne ke hukunta ni", masu ba da shawara a asibiti ma irin tunanin nan suke zaƙulowa su warware.

Ita hanyar ba a nan aka ƙirƙiro ta ba. Yadda kika kwatanta ta yi kama sosai da wadda wani mai suna Ed Smith ya fara a jihar Kentucky ta Amurka a shekarun 1990 da sunan Theophostic, daga baya aka canja mata suna. Can ɗin ma Kiristoci sun yi ta muhawara a kanta, babban abin da aka soke ta da shi kuwa shi ne dai abin da ya same ki a zama na uku.

Ƙwaƙwalwa ba kaset ba ce da za a mayar baya a kalla, ana iya dasa mata abin da bai faru ba. A 1995 wata masaniya Elizabeth Loftus ta gwada hakan da mutum 24, aka ba su labarin wai sun taɓa ɓacewa a babban kanti suna yara, labarin ƙirƙira ne, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka fara "tunawa". Lafiyayyu kenan fa, ina ga ke da kike cikin makoki, ido a rufe, wadda kike girmamawa tana ce miki daga sama aka nuna mata? Ban ce ba a cutar da yara a gidajenmu ba, ana yi, wadda ta tuna da kanta ta zo ta faɗa ni ce farkon mai tsaya mata. Amma ke kin ce ba ki tuna komai ba, wata ce ta sa miki a baki. Kar ki kai maganar nan gida, kar ki tuhumi bawan Allah da abin da ko ke ba ki sani ba, zumuncin da aka fasa da irin wannan zargi da wuya ya gyaru.

Zancen ƙarancin bangaskiya kuwa ya ɓata min rai gaskiya. Ki buɗe 1 Sarakuna sura 19, annabi Iliya guda ya gudu jeji ya zauna gindin itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Me aka yi masa? Ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu, sai da jiki ya samu kansa sannan aka yi magana da shi a dutsen Horeb. Bulus ma da Timoti ke fama da ciwon ciki shawarar abin da zai sha ya ba shi, Luka da ya rubuta bishara kuma likita ne. In maman nan hawan jini gare ta ina tabbatar miki ba za ta zubar da ƙwayoyinta ba, sai naki don ciwon ba ya ganuwa.

Ni dai ba zan ce ki koma wurinta ba. Addu'a kuwa kar ki bari, ki samu matar fastonku ko wata dattijuwa mai riƙon asiri ku riƙa zama ko da sau ɗaya a sati, ke za ki faɗi abin da ke ranki ita ta saurara ta yi addu'a tare da ke, ba ita za ta gaya miki tarihinki ba. Ranar da bakin ya ƙi buɗewa ki karanta Zabura 13 ko 88, ta 88 ɗin ma har ƙarshenta cikin duhu ta ƙare kuma an bar ta a Littafi Mai Tsarki haka nan. Yana da kyau fastonku ya san an ce ki ajiye magani, ba don a tozarta kowa ba, don akwai wasu matan da ke zuwa wurin.

In kawunki ya sake kira ki ɗaga ku gaisa ko da a taƙaice ne. Sannan ki tambayi likitan ko akwai mai ba da shawara da zai haɗa ki da shi bayan maganin, ki rubuto min bayan wata ɗaya in ji yadda barcin ya kasance.